Makarantar unguwa ko ta cata? Amsa ga uwar da za ta sa 'yarta karatun Sifaniyanci a Amurka

Assalamu alaikum Anti. Ni da maigidana muna zaune a birnin Washinton. Babbar 'yarmu ta cika shekara 5, za ta shiga ajin share fage a ƙarshen watan Agusta. Mun yanke shawarar sa ta makarantar da ake karantarwa da Turanci da Sifaniyanci, don a unguwarmu ko kanti ka shiga Sifaniyanci za ka ji. To makarantu biyu ne a gabanmu. Ɗaya ta gwamnati ce, ta unguwarmu, tafiyar minti goma a ƙafa, rabin yini Turanci rabi Sifaniyanci. Ɗayar irin waɗanda ake ce wa cata ce, ƙuri'a ce ta faɗo mana. Tana da suna, ana rububinta, ƙananan azuzuwanta kusan duk yini Sifaniyanci ake yi, amma tana can wani ɓangaren gari, sai an hau bas biyu. Maigida ya dage sai cata. Ya ce Allah ne ya ba mu, mutane da yawa suna jerin jira, kuma sakamakon jarrabawarta ya fi na ta unguwa. Ni kuma aikin jinya nake yi, wani mako da safe wani mako da dare, shi kuma tuƙi yake yi, ga goyo a bayana. Hajiyarsu kuma daga gida ta ce me ya haɗa mu da wannan yare, ba gara Larabci ba? Abin da ya fi damuna ma, yarinyar ta fara mayar mini da amsa da Turanci in na yi mata Hausa. An ba mu zuwa farkon watan Mayu mu karɓi gurbin ko mu bari. Don Allah Anti ki ba ni shawara.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya yaran, ya yi musu albarka, ya kuma ba ku ikon riƙe amanarsu a inda kuke.

Ba zan ja ki da nisa ba kafin in faɗa miki inda na karkata. In har abin da kika rubuto haka yake, kuma kun je kun ga makarantar unguwar da idonku ba ku ga abin ƙi ba, to ita zan ce ku zaɓa. Amma maganar maigida ba ta banza ba ce, akwai hujja mai ƙarfi a cikinta wadda ma bai ambata ba, kuma zan kawo ta a gaba. Ina so ki karanta wannan amsa har ƙarshe kafin ki kai masa, kada ki ɗauki layin farko ki ce masa ga shi Anti ta goyi bayana.

Da yawa daga cikin mutanenmu in suka ji cata sai su ɗauka makarantar kuɗi ce aka samu a kyauta. Mun taso a inda duk mai hali yake cire ɗansa daga makarantar gwamnati, don haka da an ce gwamnati sai gaba ya faɗi. Ina zaton wannan tunani yana cikin abin da ke jan maigida. Gaskiyar magana ita ce duka biyun na jama'a ne, da kuɗin haraji ake tafiyar da su, kuma ba a biyan kuɗin makaranta a ko ɗaya. Bambancin yana wurin mai riƙe da ragama. Makarantar unguwa hukumar ilimin birni ce ke gudanar da ita. Ita kuwa cata wata ƙungiya ce mai zaman kanta ta ƙulla yarjejeniya da hukuma: a ba ta kuɗi gwargwadon yawan ɗalibanta, a sakar mata mara wajen ɗaukar malamai da tsara darasi da tsawon yini, ita kuma ta nuna sakamako, in ta kasa a ƙwace lasisin. Jihar Minesota ce ta fara yin wannan doka a 1991, makaranta ta farko ta buɗe a 1992. A Washinton dokar 1995 ce ta ba su dama, kuma yanzu kusan rabin yaran da ke karatu da kuɗin gwamnati a birnin a makarantun cata suke. Yarjejeniyar ta shekara 15 ce, ana kuma bibiyarta duk bayan shekara 5.

Shin sun fi na gwamnati? Wata cibiyar bincike ta jami'ar Stanford mai suna CREDO ta daɗe tana auna wannan. A rahotonta na 2009, a fannin lissafi, kashi 17 cikin ɗari na makarantun cata ne suka fi takwarorinsu na gwamnati, kashi 37 sun gaza su, sauran kuma kusan ɗaya suke. A rahoton 2023 al'amarin ya gyaru, ɗaliban cata suka ɗan yi gaba, kwatankwacin ƙarin kwana 16 na karatu da kwana 6 na lissafi a shekara. Wannan matsakaicin dubban makarantu ne, a cikinsu akwai na kirki ƙwarai akwai kuma na Allah-wadai. Ke kuwa ba dubban makarantu za ki kai 'yarki ba, aji ɗaya za ta shiga, gaban malama ɗaya. Saboda haka sunan cata ko gwamnati kaɗan ne abin da zai faɗa miki.

Haka ma sakamakon jarrabawar da maigida ya gani. Makarantar da sai iyaye sun nemi labarinta, sun cika takarda a kan lokaci, sun kuma iya kai yaro ƙetaren gari kullum, tun kafin a fara darasi ta tace irin gidajen da yaranta suka fito. Makarantar unguwa kuwa duk wanda ya zo dole ta karɓa, har yaron da iyayensa suka iso ƙasar a watan jiya, bai san kalmar Turanci ko ɗaya ba, kuma makinsa na shiga lissafin makarantar. Idan kuna son ku san aikin da malamai ke yi, ku duba alƙaluman ci gaba, wato nisan da yara suka yi daga inda suka faro a cikin shekara, wanda hukumar ilimin birnin ke wallafawa ga kowace makaranta, cata da ta gwamnati. Ku kuma duba yadda yaran da Turanci ba harshen gidansu ba ne suke yi, don su ne 'yan'uwan 'yarki.

Yanzu ga abin da ya sa na karkata inda na karkata. Irin wannan karatu, da ake tsunduma yaro cikin harshe a koya masa lissafi da kimiyya da shi, ba ya biya da wuri. Masanin nan na Kanada, Jim Cummins, ya nuna cewa yaro kan iya harshen hira da wasa a cikin kamar shekara biyu, amma harshen karatu, wanda ake fahimtar littafi da rubuta bayani da shi, yana cin shekara 5 zuwa 7. Binciken da ya fi ƙarfi a wannan fanni a Amurka shi ne wanda cibiyar RAND ta yi a makarantun gwamnati na birnin Portland, aka wallafa a 2017. Ƙarfinsa shi ne an kwatanta yaran da ƙuri'a ta ba gurbi da waɗanda suka nema ba su samu ba, ka ga ba za a ce bambancin iyaye ne ba. An samu cewa yaran harshe biyu sun wuce sauran a karatun Turanci da kamar wata 7 a aji biyar, da kamar wata 9 a aji takwas, a lissafi da kimiyya kuma ba su yi baya ba. Ki lura da azuzuwan da aka ambata, biyar da takwas. Ribar tana can gaba. Tamkar rini ne a marina: tsomawa ɗaya ba ta ba da baƙi, sai an tsoma an ɗaga, an sake tsomawa, har launin ya kama. Yaron da aka cire a aji biyu don iyaye sun gaji da hanya, ya sha wahalar farko, bai kuma tsaya ya ci amfanin ba, wani lokaci ma Turancinsa na rubutu bai gama kamo na tsaransa ba.

Don haka tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: wace makaranta ce gidanku zai iya riƙewa shekara 6 ba fashi? Shekarar karatu kwana 180 ce. Daga share fage zuwa aji biyar, safiya sama da dubu ke nan, da yamma sama da dubu. Birnin Washinton ba ya ba yara motar makaranta kamar yadda ake yi a Maryland da Virginia, in ban da yara masu buƙata ta musamman. Abin da ake bayarwa shi ne katin shiga bas da jirgin ƙasa kyauta ga ɗalibi, kuma 'yar shekara 5 ba za ta hau bas biyu ita kaɗai ba. Wani babba ne zai kai ta, ya dawo, ya sake komawa ya ɗauko ta. A makon da kika kwana a asibiti, wa zai yi wannan? Shi maigida, in ya ce zai riƙa kai ta a mota, lokacin safe da na tashin makaranta su ne lokutan da mai tuƙi ya fi samun aiki. Ga watan Janairu da sanyinsa, ga jariri da za a naɗe a fita da shi. Ga ranar da za a kira ki ƙarfe goma sha ɗaya a ce yarinya na amai. Ba ina raina ƙoƙarinku ba ne, na san iyayenmu mata sun yi abin da ya fi wannan. Amma makara da fashi suna taruwa, kuma a ajin da ake koyarwa da harshen da ba wanda zai maimaita wa yaro a gida, abin da ya wuce shi da safe ya wuce shi ke nan.

Akwai kuma wani alheri na kusa da ba ya fitowa a takarda. Yarinyar da ke makarantar unguwa, ƙawayenta na aji su ne maƙwabtanta. Za ta haɗu da su a filin wasa ranar Asabar. Ke ma za ki san iyayensu, har ki samu wadda za ta ɗauko miki ita ranar da aiki ya riƙe ki. Ga wanda ba shi da dangi a gari, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai maganar yawan Sifaniyancin. Tsarin da makarantar catar ke bi, na kusan duk yini a ƙananan azuzuwa, ana farawa ne da kamar kashi 90 Sifaniyanci kashi 10 Turanci, a riƙa ƙara Turancin har su daidaita wajen aji huɗu ko biyar. Yana ba da Sifaniyanci mai ƙarfi, wannan ba shakka. Asalinsa daga gwajin da aka fara a garin St. Lambert na Kanada a 1965 ne, inda iyaye masu Turanci suka nemi a karantar da 'ya'yansu da Faransanci. Amma ki duba waɗanne yara ne: Turancinsu a tsaye yake, shi ake yi a gida, shi ake karanta musu kafin barci. 'Yarki ba haka take ba. Harshen gidanta Hausa ne, Turancinta na wasa da talabijin ne, Sifaniyanci zai zama na uku, ga Larabcin Islamiyya na tafe. Yara suna iya ɗaukar wannan duka, kowa ya san yaran Agadas ko na Zangon Kumasi da ke juya harsuna uku huɗu ba wahala. Amma juya harshe a baki daban, karatu da rubutu da shi daban. Ga yarinya irin taki, rabi da rabi ya fi kwantar mini da hankali, don tana samun Turancin littafi tun daga ranar farko.

Abin da ya fi yawan sa'o'i tasiri kuma shi ne su wane ne a ajin. Tsarin da ake haɗa yara masu Sifaniyanci a gida da marasa shi, kowa na koyo daga ɗan'uwansa, ya faro ne a makarantar Coral Way ta birnin Mayami a 1963, lokacin da 'yan Kyuba suka kwararo. A Washinton makarantar Oyster ta kama wannan hanya tun 1971. Hikimar ita ce yaro ya fi koyon harshe daga bakin yaro. In malama kaɗai ce mai Sifaniyanci a ɗakin, da an fita tara sai kowa ya koma Turanci. Ke da kanki kin ce a unguwarku ko kanti aka shiga Sifaniyanci ake ji, kuma mutanen El Salvador su ne mafi yawa cikin masu wannan harshe a yankin. Ke nan akwai alamar makarantar unguwarku cike take da yaran da shi suka sha a nono. Makarantar da ke ɗibar yara da ƙuri'a daga duk faɗin gari kuwa, musamman in ta yi suna, takan cika da 'ya'yan masu Turanci. Ki tambayi kowace makaranta kai tsaye: a ajin share fage, yara nawa ne ke Sifaniyanci a gida? Kada ki yarda da amsar "muna da yara iri-iri". Ki nemi adadi.

To ga hujjar maigida. Gurbin cata in kuka sake shi, da wuya ya dawo. Sai an sake shiga ƙuri'a, kuma gurabe a azuzuwan gaba 'yan kaɗan ne. Makarantar unguwa kuwa haƙƙinku ce muddin kuna zaune a yankinta. Mai lissafi zai ce a gwada cata, in ta gagara a dawo gida. Wannan magana ce mai ma'ana. Bugu da ƙari, wasu makarantun cata masu harshe biyu, irin su Mundo Verde da LAMB da DC Bilingual da Stokes, ɗalibansu suna da fifiko wajen shiga sakandaren DC International, wadda ta buɗe a 2014, inda ake ci gaba da harshen har a gama. Idan taku tana cikin waɗannan, to ba gurbin firamare kawai kuke riƙe da shi ba. Kuma yawancin makarantu suna ba ƙanne fifiko a ƙuri'a, don haka wannan zaɓi har na goye ya shafa. A ɓangaren gwamnati ma akwai hanyar ci gaba, ƙaramar sakandaren MacFarland da makarantar Columbia Heights suna da shirin harshe biyu, Oyster-Adams kuma tana kaiwa har aji takwas. Ku tambayi kowace makaranta ina ɗalibanta ke zuwa bayan aji biyar, kuma ko gurbin tabbas ne ko fifiko kawai.

Duk da haka ban canja ra'ayi ba, saboda "a gwada a gani" ba kyauta ba ne ga 'yar shekara 5. Ta saba da malama, ta yi ƙawaye, ta fara haɗa baƙi da Sifaniyanci, sai a tsige ta a kai ta inda kowa ya riga ya san kowa. Kuma ina ganin akwai wani abu da ya kamata ku yi wa kanku gaskiya a kai. Mutanenmu da yawa in yara suka ƙaru, haya ta yi tsada, sai su koma Maryland. Duka makarantun nan biyu na mazauna birnin ne, kowace shekara sai an nuna shaidar zama. In kuna da niyyar tashi nan da shekara biyu uku, to alƙawarin sakandaren da ake hange bai shafe ku ba, kada ku sha wahalar yau saboda shi.

Abin da zai sa in ce ku ɗauki catar shi ne ɗayan biyu. Ko dai ku samu tsayayyen tsari na kai da ɗaukowa, misali wani gida a kusa da ku da ke kai yaransu can kuka raba kwanaki, ba alƙawarin "in sha Allahu za mu san yadda za a yi" ba. Ko kuma ku je makarantar unguwar ku tarar shirin Sifaniyancin suna ne kawai.

Ana gane wannan ne da ziyara, kuma ziyarar da nake nufi ba ranar da aka share makaranta aka tara iyaye ba ce. Ki nemi a bar ki ki zauna a bayan aji minti ashirin a ranar karatu. Ko ba ki jin harshen za ki gane abubuwa: malama ce kaɗai ke magana ko yara ma suna buɗe baki? In yaro bai gane ba, tana nuna masa da hoto da hannu, ko nan take take juyawa Turanci? Ki leƙa aji huɗu ko biyar ki ga rubutun da ke manne a bango, a nan za ki ga abin da makarantar ke fitarwa. Sannan ki tambayi shekarun da malaman Sifaniyanci suka yi a wurin, da ko an taɓa shiga shekara ba malamin wani aji. Malamin da ya iya harshen kuma ya iya koyarwa yana da wuyar samu a duk faɗin Amurka, kuma makarantar da ke canja malamai duk shekara, ko ginin ta na gilashi ne, ba ta da abin ba ki. Ki tambayi kuɗin kula da yara kafin darasi da bayan tashi, don karatu ne kyauta, wannan sau da yawa biya ake yi, kuma ga mai aikin jinya yana iya zama babban kashi na albashi. A makarantar cata ki ƙara da tambayar yaushe aka bibiyi yarjejeniyarta da kuma lafiyar asusunta. A watan Agustan 2024 wata makarantar cata a birnin ta rufe saboda matsalar kuɗi ana saura 'yan kwanaki a koma makaranta daga hutu, iyaye suka shiga neman gurbi ido rufe. Hukuma ma takan rufe nata, ta rufe fiye da 20 a 2008, amma a can yaro yana da wata makarantar da dole ta karɓe shi.

Wajen rajista za a ba ki takarda ana tambayar harshen da ake yi a gida. Ki rubuta Hausa. Wasu iyaye sukan rubuta Turanci don tsoron kada a ware ɗansu, sai su hana shi taimakon da doka ta ba shi. Za a gwada Turancinta, in tana buƙatar ƙarin tallafi a ba ta, kuma wannan wajibi ne a kan cata kamar yadda yake a kan ta gwamnati. Haka in daga baya aka ga tana da wata matsalar magana ko karatu, dokar tarayya ta masu buƙata ta musamman ta hau kan duka biyun. Sai dai ƙaramar makarantar cata ita kaɗai take ɗaukar nauyin ƙwararrunta, ita kuwa ta unguwa tana da babbar hukuma a bayanta.

Na bar maganar Hausa zuwa nan don ita ce ta fi taɓa ni a wasiƙarki, kuma ita ce wadda babu makarantar da za ta yi miki. Turanci ba ya buƙatar taimakonki, yana nan a titi da waya da bakin kowa. Sifaniyanci zai samu malamai da littattafai da sa'o'i uku ko fiye kullum. Hausa ba ta da kowa a wannan gari sai ke da babanta. Amsawar da ta fara yi da Turanci haka abin ke farawa a kusan kowane gidan baƙi: yaro na ji amma ba ya mayarwa, iyaye su gaji su bi shi, kafin ya kai shekara goma ya kasa gaisawa da kakarsa sai da tafinta. Kada ki yi mata faɗa, kada ki kunyata ta, kada kuma a yi dariya in ta karya harshe. In ta ce miki abu da Turanci, ki maimaita mata shi da Hausa cikin fara'a, ki ci gaba da maganarki. Ku sa ya zama tsakaninki da maigida ma Hausa ake yi a gaban yara. Ki yi mata tatsuniya, ki sa ta aike a cikin gida, ki koya mata gaisuwa ta safe da ta dare da yadda ake gaida manya. In wani malami ya ce ku daina Hausa a gida don kada ta rikice, kada ki karɓa. Yaron da harshensa na farko ya yi ƙarfi, a kansa yake ɗora sauran.

Akwai ma wani sauƙi da za ki samu. Sifaniyanci wasula biyar gare shi, a, e, i, o, u, kuma yadda aka rubuta haka ake furtawa, kusan kamar bokon Hausa. Yarinyar da ta iya haɗa "ma, me, mi, mo, mu" a makaranta, da ɗan taimako kaɗan za ta karanta littafin Hausa, sai dai ki nuna mata ƙ da ɗ da ɓ da 'yan baƙaƙen da suka bambanta. Ki sa a aiko miki da littattafan firamare daga gida tun yanzu. Wannan ma wani dalili ne na son makarantar kusa: awa biyun da za a kashe a bas kullum, a gida za a kashe su, kusa da ke.

Ita kuma Hajiya, kada ku ɗauki maganarta a matsayin rashin sani. Tsoronta shi ne jikarta ta tashi ba addini ba asali, kuma tsoro ne na gaskiya. Ku gaya mata cewa makarantun gwamnati a Amurka ba sa koyar da addinin kowa, ko da wane harshe ake karatu, don haka ba Larabci aka ajiye aka ɗauki Sifaniyanci ba. Ku faɗa mata mutum sama da miliyan 40 ke yin wannan harshe a gidajensu a ƙasar, kuma ke da ke aikin asibiti kin san darajar ma'aikacin da ke jin sa. Sannan ku ba ta aiki: ta riƙa kiran yarinyar ta bidiyo a ranaku sanannu, ta yi mata hira, ta ji karatunta na Islamiyya. Kakar da aka ba rabo a tarbiyya ba ta cika yin ƙorafi ba. Ku kuma ku cika naku, a samu Islamiyyar Asabar da Lahadi a riƙe ta da gaske.

Ta fuskar addini akwai abubuwan da gara ki sani tun yanzu. Makarantun Sifaniyanci suna koyar da al'adun masu harshen, kuma a farkon Nuwamba da yawansu sukan yi bikin tunawa da matattu irin na Meziko, a Disamba kuma waƙoƙi da bukukuwan da ke da alaƙa da Kirsimeti. Ki je ki gabatar da kanki ga malama a makon farko, ki gaya mata cikin mutunci abin da 'yarki za ta shiga da wanda ba za ta shiga ba, da maganar naman alade a abinci, da ranakun Sallah da za ta yi fashi. Yawancin malamai suna jin daɗin a sanar da su da wuri. Ki tambayi wannan a ziyararki ma, yadda shugabar makaranta ta karɓi tambayar zai nuna miki abubuwa da yawa.

Game da maigida, kada ki mayar da abin gardamar wa ya fi gaskiya. Mutumin da ya ga ƙuri'a ta faɗo wa 'yarsa ya ce ba zai saki ba, son 'yar ne ya sa shi. Ki fara da yaba masa wannan. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya: kafin wa'adin ya cika, ku zaɓi ranar aiki, ba Asabar ba, ku tashi a lokacin da za ku riƙa tashi, ku shirya yarinya da jariri, ku yi tafiyar nan ta bas biyu har ƙofar makarantar, ku dawo, da rana kuma a sake. In zai yiwu a yi shi a makon da kike aikin dare. Bayan nan ku zauna da takarda ku rubuta sunan wanda zai kai da wanda zai ɗauko a kowace rana ta mako biyu, naki na safe da naki na dare. In kowane gurbi ya cika da sunan mutum na gaske wanda ya amsa, ku karɓi catar da zuciya ɗaya, ni ma zan taya ku murna. In akwai ranakun da suka zauna ba suna, ku yi istihara, ku je makarantar unguwa da takardar haihuwa da katin rigakafi da shaidar zama ku yi mata rajista, ku kuma sanar da catar da wuri don a ba na bayanku a jerin jira.